Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutocin Karofi?



Ranar 14 ga Oktoban 2025 ta zo ta wuce a Dutsin-Ma babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Masu shagunan buga takardu sun tada janareta kamar kullum, ɗalibai sun bi layin ɗaurin furojet, masu caji sun jera wayoyi a kan allo. Amma a ranar ce kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin garin. Ya dai bar 'yar ƙofa ta ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista ta musamman, ita ma mai rufewa ce.

Kwamfutar ba ta mutu ba, har gobe za ta kunnu ta buga wasiƙa. Abin da ya sauya shi ne, duk wata sabuwar ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a jikinta, babu mai zuwa ya toshe. Kamfanin ya ce a koma Windows 11, ita kuwa da sharuɗɗanta ta zo: tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma son ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar wajen 2018 zuwa sama. Wanda ya san irin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai a Dutsin-Ma da Kurfi ya san inda gizo ke saƙar. 'Yan Beljiyam ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, suka sauka a Legas, suka ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suka hauro titin Beirut a Kano, kafin wani ya sayo ɗaya ya sa a jaka ya shigo motar Dutsin-Ma. Lafiyarsu ƙalau, tsufa ne kawai laifinsu. A wani ofis a Amurka aka yanke musu ranar ritaya, inda ba a taɓa jin sunan Karofi ta ƙasar Dutsin-Ma ba.

A leƙa shagon mai gyara. Ɗalibi ya shigo da tasa tana jan ƙafa, ya ce, “Oga, ta yi nauyi, ina jin bairos ne.” Maigidan ba ya tsayawa dogon bincike. “Sai dai a yi mata fomatin,” in ji shi, ya zaro filash daga aljihun gaba. A cikin filashin nan akwai Windows, akwai Office, akwai CorelDraw na masu katin biki da fosta, akwai SPSS na 'yan ajin ƙarshe, dukansu 'yan kirak, wato an fasa musu kwado. Kafin la'asar an gama, kuɗin aiki bai taka kara ya karya ba. Da za a sayi lasisin halal na waɗannan manhajoji, da kuɗinsu ya ninka na kwamfutar, balle tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo.

Shi ya sa wa'azin da masu Linux, kishiyar Windows, suka saba yi, na cewa tasu kyauta ce, ba ya ratsa kowa a nan. In don araha ne, mai filash ya riga ya kashe bakin magana. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja kamar Linux ga wuri irin Karofi yana wani waje dabam: wa ke da ikon buɗe ta, wa ya iya gyara ta, kuma wa zai iya kashe ta daga nesa.

Kowace manhaja rubutu ce. Mutum ne ya zauna ya rubuta umarni layi bayan layi da wani yaren kwamfuta, C ko Python ko Java, sannan aka juya rubutun zuwa abin da inji ke ganewa. Wancan rubutu na asali shi ne tushe. Kamfanoni irin Microsoft da Adobe juyayyen suke sayarwa, tushen kuwa suna kulle shi a gida. Buɗaɗɗiyar manhaja tana zuwa da tushenta, tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya sauya, ya raba wa wasu. Manomin rani a bakin madatsar Zobe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Injin ban-ruwan da bakanike zai kwance a gindin bishiya, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi, ya fi masa wanda aka like murfinsa da walda aka ce in ya tsaya a jira injiniya daga ƙasar waje, ko da na biyun ya fi sheƙi.

Da fushi abin ya faro. Wajen 1980, a cibiyar MIT ta Amurka, Richard Stallman ya so ya gyara manhajar wata na'urar buga takardu ta Xerox mai yawan cije takarda, aka hana shi tushen. A 1983 ya yi shelar aikin GNU, a 1989 ya fitar da lasisin GPL mai sharaɗi ɗaya na wayo: ka ɗauka, ka sauya, ka ma sayar in ka ga dama, amma in za ka raba abin da ka sauya, dole ka bar shi a buɗe yadda ka same shi. A Agustan 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai shekara 21, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana ɗan taɓa wani aiki na sha'awa. Layi kusan dubu goma ne a fitowar farko. A 2025 Linux ta haura layi miliyan 40.

Abin da Torvalds ya rubuta ƙwaya ce kawai, ɓangaren da ke magana da ƙarfen kwamfuta, kuma ƙwaya ita kaɗai ba ta buga wasiƙa. Sai wasu su ɗauke ta su haɗa da kayan GNU, da fuskar allo, da manhajar rubutu, da ta shiga intanet, su ƙulle su abu guda. Wannan haɗin masu harkar ke kira distiro, kuma akwai ɗaruruwansu. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, 'yan sa-kai ke tafiyar da ita, duk shekara suna zaɓen shugabansu. Red Hat ta fuskanci manyan kamfanoni, tana sayar musu da kulawa da garanti, har IBM ya saye ta a kan dala biliyan 34 a 2019, wanda ya isa amsa ga mai cewa babu kasuwa a abin da aka bari a buɗe. Ubuntu kuwa ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya gina ta a kan Debian a 2004. Waɗanda suka yi karatun kwamfuta a wancan zamani za su tuna da ambulan ɗin faifan CD da kamfaninsa ke aikowa ta gidan waya ko sisi ba a biya ba, har zuwa 2011. Daga Ubuntu aka samo Linux Mint a 2006, wadda aka tsara fuskarta yadda wanda ya saba da Windows ba zai ɓata hanya ba.

Gwada ta ba ya buƙatar a goge komai. A zuba Mint a filash, a soka, a kunna kwamfuta a danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, a zaɓi filashin. Cikin 'yan mintuna allo zai buɗe da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox. Nau'inta mara nauyi yana iya tafiya da ram mai giga 2, Mint 22 kuma an yi alkawarin kula da tsaronta har 2029. In ba ta yi wa mutum ba, ya zare filashinsa, Windows ɗinsa tana nan inda ya bar ta.

Abin dariyar shi ne, wanda zai rantse bai taɓa ganin Linux ba, tana cikin aljihunsa. Duk wayar Tecno ko Itel ko Infinix mai Android, ƙwayar Linux ce a cikinta, haka nan da yawa daga na'urorin POS na zamani da ake cire kuɗi da su a bakin kasuwa. Manyan kwamfutoci 500 mafi gudu a duniya, tun daga Nuwamban 2017 dukansu Linux suke amfani da ita. Shi kansa Microsoft, wanda shugabansa na wancan lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji a 2001, shi ne ya fitar da dala biliyan bakwai da rabi a 2018 ya sayi GitHub, dandalin da masu buɗaɗɗiyar manhaja ke tara ayyukansu.

Ba sai an je nesa ba ma. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda malamai daga jami'o'i dabam-dabam ke aika wa takardun bincike, a kan OJS take zaune, buɗaɗɗiyar manhajar da wani shiri na masana a Kanada ya samar don jami'o'i su buga mujallunsu da kansu. Jami'ar da aka kafa a 2011 ta samu hanyar sa binciken malamanta a idon duniya ba tare da ta biya kuɗin lasisi da dala ba. A ɓangaren lafiya kuma, alƙaluman da asibitocin karkara ke tattarawa duk wata, na rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, suna ƙarewa ne a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta, wadda Najeriya da ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. Sai SORMAS, ta bin diddigin annoba, wadda aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 da haɗin gwiwar masanan Najeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus. Da korona ta zo, ofisoshin lafiya na Jamus ɗin kanta suka ɗauki manhajar da aka fara gwadawa a Najeriya. Da a kulle take, da sai an zauna cinikin lasisi annoba tana ci.

To, in haka ne, me ya hana Linux zama a kan teburin makarantunmu? Najeriya ta taɓa gwadawa, kuma labarin ya cancanci a tuna da shi.

A 2007 aka shirya sayo ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 ƙirar Classmate ta Intel, a kansu da Mandriva, wani distiro na Faransa. Ana cikin murna sai labari ya ɓulla cewa za a goge Mandriva a sa Windows. A ƙarshen Oktoban shekarar, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi wadda ta zaga duniya. Microsoft ya musanta yin wani abu ba daidai ba, asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ya biya kuɗin 11,000 daga ciki, ya ce shi yana nan a kan Mandriva. A shekarar ce kuma aka raba korayen kwamfutocin wani shiri na kowane yaro da tasa a makarantar firamare ta Galadima a Abuja, su ma da Linux. Kafin nan wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux mai magana da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Yau ba a jin ɗuriyar ko ɗaya daga cikinsu. A ganin wannan sharhi, cacar baki tsakanin Faransawa da Amurkawa ta ɗauke hankali daga tambayar da ta fi muhimmanci: ranar da allon yaro ya ƙi kunnuwa a wani ƙauye, wa zai duba? An yi ta lissafin kwali, ba a yi lissafin mutanen da za su zauna da abin da ke cikin kwalin ba. Jihar Kerala ta Indiya ta bi ta wata hanya. Ta koma buɗaɗɗiyar manhaja a makarantun gwamnati tun shekarun 2000, ta yi nata distiron, ta horar da malaman aji, ta sa abin a cikin littafin karatu da jarrabawa, kuma har yanzu ana kai. Birnin Munich na Jamus kuwa, mai kuɗi da injiniyoyi, ya shafe fiye da shekara goma a kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ko a can, siyasa da sabo suna iya rusa aikin shekaru.

Akwai dai abu ɗaya a ƙarshen labarin Mandriva da ya kamata a lura da shi. Kamfanin ya rushe a 2015, amma manhajar ba ta bi shi kabari ba. Waɗanda suka san cikinta sun riga sun ɗauki tushen, sun ci gaba da sunan Mageia da OpenMandriva.

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suna da wani dalili nasu na kansu da ya sa ya kamata su damu da wannan magana, kuma ba su manta da shi ba. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina don yaƙi da 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauransu. Watanni aka yi. Mai POS ya rufe rumfa, mai son aika saƙo sai ya hau mota ya nemi garin da ke da sabis. Ko mutum yana ganin matakin daidai ne ko kuskure, ya nuna wani abu ƙarara: duk manhajar da sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet kafin ta yi aiki, ba ta mai ita ba ce, aro aka ba shi. Kuma can duniyar manhaja ta nufa, inda komai haya ne na wata-wata, ajiyar ma a wata ƙasa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta neman izinin kowa kafin ta tashi. Ana iya kwafe rumbun Debian gaba ɗaya, dubun-dubatar manhajoji, a faifan ajiya guda, a ajiye a ɗakin kwamfuta na jami'a ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kowa ya zo ya ɗiba ba tare da ya ƙona data ba. Manhajar Kiwix tana ɗauke Wikipedia sukutum, har da ta Hausa, ta buɗe ta inda babu sabis. Python da littafin bayaninta suna zama a filash. Mai binciken noma da ke neman lissafin alƙaluma yana da R ko PSPP a madadin SPSS ɗin sata, mai taswira yana da QGIS. Duk wannan halal ne, kwafar ma lasisin ne da kansa ya ce a yi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: akwai wahala. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDraw ba zai bar ta don Inkscape ba, tunda abokan cinikinsa da maɗaba'ar da yake kai wa aiki duk fayil ɗin Corel suka sani. Takardar da aka tsara a Word wani lokaci tana zamewa in an buɗe ta a LibreOffice, malami kuma ba ya karɓar uzuri a kan furojet. Wata na'urar buga takardu ko katin wayales zai ƙi tashi sai an yi 'yan dabaru. Mafi girma duka, in ta rikice, mai gyaran unguwa zai ce, “Wannan ba layina ba ne, kawo in mayar maka da Windows.” Nan ne ƙulli yake, a hannun mai gyara, kuma nan ya kamata duk wani horo ya fara.

Buɗewar tushe ma ba laya ba ce. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani da sai ya share. Shi ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar sirri a cikin XZ, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane distiro ke ɗauke da ita. Mai kula da ita, Lasse Collin, mutum ɗaya ne, aikin sa-kai yake yi, ya gaji. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taya shi aiki har ya samu amana, sannan ya dasa mugun abu. An kama shi tun yana nau'o'in gwaji na distiro irin Debian da Fedora, bai kai ga miliyoyin kwamfutoci ba. Abokan gabar buɗaɗɗiyar manhaja sun ce ga irinta nan. Magoya bayanta sun ce ai buɗewar ce ta tona asirin. Kowanne yana da gaskiyarsa, amma abin da ya ceci duniya a ranar shi ne an samu mutum ɗaya da ya iya karanta rubutun wani, ya kuma yi haƙurin karantawa.

Daga nan ne maganar makomar sana'ar take tasowa. Tun fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a Nuwamban 2022, ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam suke jin ana cewa ƙirƙirarriyar basira ta cinye musu aiki tun ba su gama ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Ƙaramin shafin intanet ko manhajar rajistar ɗalibai, irin aikin da sabon shiga ke fara cin abinci da shi, yanzu inji yana zubo shi cikin daƙiƙoƙi. Rubutu ya yi arha. Amma injin yana rubuta kuskure da irin ƙarfin halin da yake rubuta daidai, kuma ba ya jin kunya. Daniel Stenberg, ɗan Sweden mai kula da curl, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, ya sha kokawa kan rahotannin kurakurai na bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira ana turo masa, masu cinye lokacin 'yan tsirarun da ke aikin. Yadda rubutun ke ƙara yawa, haka ake ƙara neman mai tantancewa, wanda zai ce wannan layin zai zubar da bayanan marasa lafiya, wancan zai tsaya in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiya.

A ina ake koyon wannan karatu? Ba a iya buɗe Windows a ga yadda aka ɗinka ta. Linux da Python da DHIS2 da OJS kuwa a shimfiɗe suke, da tarihin kowane gyara, da muhawarar da aka tafka kafin a karɓe shi ko a ƙi. Ɗalibin da ke zaune a Hayin Gada ta Dutsin-Ma yana ganin daidai abin da ɗalibin Oslo ke gani. In ya gyara kuskure ɗaya aka karɓa, sunansa yana nan a rubuce inda kowane mai ɗaukar aiki zai gani, babu mai tambayarsa ɗan wane ne. Segun Adebayo ta wannan hanya ya fito da Chakra UI, wadda masu gina shafukan intanet a faɗin duniya ke amfani da ita. Shirin Outreachy yana biyan dala 7,000 na horon wata uku daga gida, kuma an kafa shi ne musamman don mata da sauran waɗanda aka bari a baya a harkar. Ga 'yar Kurfi da iyayenta ba za su bar ta ta tafi Legas ba, wannan ƙofa ce ta gaske, muddin akwai wuta da sabis, waɗanda su ma ba a hannunta suke ba.

Akwai kuma aikin da babu mai yi sai ɗan gida. Injin da bai ga Hausa da yawa ba ba zai iya Hausa ba, zai riƙa cakuɗa ƙasa da kasa, ɓata da bata. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan dubu 30 a kowane harshe, Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin, waɗanda mutane suka zauna suka tantance ɗaya bayan ɗaya, aka kuma bar su a buɗe don kowa ya gina a kai. Ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP a kan wannan tsari suke. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, kuma lafazin Katsinanci ba zai shiga ciki ba sai Katsinawa sun karanta da bakinsu. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, samfurin harshe mai Hausa a ciki wanda aka ce kowa zai iya saukewa. Kada dai a yaudari kowa, tsohuwar 'yar Beljiyam mai ram giga 4 ba za ta ɗauki irin wannan kaya ba. Wannan aikin jami'a ne, da inji mai ƙarfi guda ɗaya da sola mai riƙe shi.

Gwamnati ba ta zauna ba. Akwai shirin 3MTT na tarayya da minista Bosun Tijani ya fara a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, a Katsina kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT. Horo abu ne mai kyau, amma wanda aka horar yana buƙatar abin da zai sa hannu a kai, kuma babbar mai sayen manhaja a jihar ita ce gwamnatin kanta: ta albashi, ta haraji, ta rajistar ɗalibai, ta asibiti. Abin da aka saba gani a ƙasar nan shi ne ɗan kwangila ya kawo manhaja a kulle, a yanka kirtani, bayan shekara biyu kwangila ta ƙare ya tafi da tushen a jakarsa, sabuwar gwamnati ta sake biyan wani ya faro daga farko. Switzerland ta yi wa wannan doka, wadda ta fara aiki a 2024: manhajar da hukumomin tarayya suka yi ko suka sa aka yi musu, a buɗe tushenta, sai in tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta ɗauki hanyar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux.

Katsina ba sai ta kai can a rana ɗaya ba. Sakin layi guda a takardar kwangila ya isa a fara: duk manhajar da aka biya da kuɗin jiha ko na ƙaramar hukuma, a miƙa tushenta da bayanin yadda aka gina ta, a ajiye kwafi a hukumar jiha, a ba sassan kwamfuta na Dutsin-Ma da Katsina damar karantawa da gyarawa. Majalisar dokokin jiha tana da hurumin sa wannan sharaɗi a dokar sayen kayan gwamnati, kuma Dutsin-Ma da Kurfi kowace tana da wakilinta a zauren.